Tayin da Ba a Iya Ce wa Albarka

Tun ba mu bar Kwangila ta Zariya ba gardamar ta tashi. Sanyin Disamba ne, hazo ya lulluɓe gadar har ba ka ganin tirelolin da ke bi ta kanta sai dai ka ji rugugi, mu kuma an cusa mu a Sharon ana jiran mutum ɗaya ta cika. Wani saurayi a kujerar baya yana ta waya, can sai muka ji ya ɗaga murya: "Dubu 250? Ce maka aka yi satowa na yi?" Ya kashe wayar yana huci. Babur ɗinsa ne, Boxer, ya yi masa kuɗi dubu 600, wani da ya ga hotonsa a WhatsApp ya taya abin da ko rabi bai kai ba.

Dattijon da ke kusa da ni ya waiwaya ya ce, "Yaro, tayi ai ba zagi ba ne. Ka ce albarka, shi ke nan, babur ɗinka na hannunka."

"Baba, wallahi wani tayin gara a zage ka."

Nan take mota ta ɗauka. Direba ya shigo ya tarar da zancen, ya yanke hukunci cewa duk tayin da ya gaza rabi wulaƙanci ne. Wata mai goyo ta ce ita daga sulusi take farawa, in ba haka ba 'yan kasuwa su yashe ta tas. Wani mai kama da ma'aikacin gwamnati ya ce a ƙa'ida bai kamata ragi ya wuce kashi 20 cikin ɗari ba, aka tambaye shi ƙa'idar wa, ya koma duba wayarsa. Har Tashar Yari ba a daidaita ba. Dattijon, wanda ashe dillalin shanu ne zai kwana Kano ya wuce Wudil cin kasuwar Juma'a, ya raɗa mini cewa rabin aikinsu ke nan. Mai saye ya yi tayin banza, dillali ya haɗiye shi, kada ya kai kunnen mai saniya. La'adar da ake ba su, in ji shi, har da kuɗin wannan haɗiyar. Yanzu kuwa da ake ciniki ta waya, ba fuska ba gaisuwa, tayi ɗanye yake isa.

Ni dai buƙatu uku suka ɗauko ni zuwa Kano. Rigunan sanyi na yara, da mai ɗakina ta rubuto mini a takarda da shekarun kowa; tsohuwar wayata da nake son rabuwa da ita tunda na yi sabuwa; sai gaida Gwaggona a Gwammaja, wadda rabona da ita tun Babbar Sallah. A motar na ƙara ta huɗu, in tambayi masu abin da kansu inda tayi ke tashi daga ciniki ya koma raini. Muka wuce Kwanar Ɗangora, muka wuce kwandunan tumatir na Kwanar Gafan, Kura, gadar Tamburawa, kafin ƙarfe 10 muna Unguwa Uku.

Ƙofar Wambai da hantsi ba wurin mai saurin fushi ba ne. Ga masu baro suna "hanya, hanya", ga tulin robobi har sama, ga warin nan na gwanjo da duk wanda ya taɓa sa rigar da ta ƙetaro teku ya san shi. Kalmar gwanjo asalinta sayar da kaya ne ga wanda ya fi tayi, kamar yadda ake cewa gwamnati ta yi gwanjon tsofaffin motoci, amma a nan ta zama sunan tufafin da wani ya sa ya tuɓe a Ingila ko Kanada ko Sin, aka danne su a dila aka ɗaure tamau.

Wani abokina ya haɗa ni da wani Alhaji da ya shekara sama da ashirin yana fasa dila. Na tarar da shi zaune a kan wata yana shan shayi, yaransa biyu suna ware kaya. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya yi dariya, ya bugi dilar da tafin hannu.

"Malam, ka ga wannan? Cinikin biri a sama ne. Na biya kuɗinta ban ga cikinta ba. An rubuta rigunan sanyi na yara, to, amma nawa ne masu kyau, nawa ne masu huji, sai an yanke ɗaurin nan."

Ya ce in an fasa, masu butik ke fara zaɓe, su kwashe na sama, su wanke su goge su rataye bayan gilashi da kuɗi ninki biyu. Sai masu zaɓe na biyu. Abin da ya rage a zube shi a leda a bakin hanya, yaro ya tsaya a kai yana shela. Zaɓen farkon nan, wanda bai fi ɗaya cikin huɗu ko biyar na dilar ba, shi ke fito masa da mafi yawan uwar kuɗi. Shi ya sa tayi guda zai zama mutunci a wannan tulin, ya zama raini a wancan.

Ya ɗago wata jar suwaita mai kauri. "In na ce maka wannan dubu 9, ka taya dubu 6, muna tare, sai in ce ƙara dai. Ka taya dubu 4, in ce albarka, amma idona na kanka, don wataƙila gwada ni kake. Ka taya dubu 2, sai in karɓi kayana in ninke in ci gaba da shan shayina. Ba zan zage ka ba. Amma ka gaya mini ɗayan biyu, ko ba ka san kaya ba, ko ka ɗauka ni ne ban sani ba. Tulin can na bakin hanya kuwa, ko kwata ka taya zan saurare ka. Kuma bari Fabrairu ta ƙare zafi ya kunno kai, wannan jar da nake ja maka rai a kanta, ni zan riƙa kiran ka."

Na ce, "Alhaji, ku ma fa kuna lafta wa kaya kuɗi."

Bai musa ba. Ya ce wanda ya shigo yana kaɗa mukullin mota da wanda ya shigo da silifas ba kuɗi ɗaya ake gaya musu ba, kuma duk kasuwar ta san haka. Nan na ga hujjar mai goyon nan ta mota. Ɗan kasuwar da ya ninka kuɗin kaya sau uku don ya ga shaddarka tana ƙyalli ba shi da bakin cewa an raina shi in ka taya sulusi, ai shi ya fara. A irin wannan wuri tayin ƙasa garkuwa ce, kuma wanda ya je ba ita zai koma gida da labari.

Amma maganarsa da ta fi zama mini ita ce ta ƙarshe. "Yawancin masu yi mana tayin banza yanzu ba raini ba ne. Tsohon farashi ne ya maƙale musu a ka." A takarda Najeriya ta haramta shigo da gwanjo, don haka yawancin kayan ta Kwatano da Lome suke zagayowa, kowace gaɓa da abin da take ci. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, dila ta yi tsalle. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin Fabrairun 2024 ta fita, ga man fetur da aka janye wa tallafi ya ɗaga kuɗin dako. Uwar kuɗi ta ninka ta sake ninkawa, aljihun mai saye bai bi sawu ba. Magidanci ya shigo da farashin hunturun 2022 a kansa, ya taya da zuciya ɗaya, mai kaya ya ji kamar an mare shi. Babu mugu a cikinsu.

Na sayi biyu a wajensa, dubu 11, bayan an sha ƙara dai da albarka yadda ya kamata. A bakin fita wani yaro da bai wuce shekara 14 ba ya tare ni, riguna rataye a hannu da kafaɗa. Na hango wata shuɗiya daidai autana. Ya ce dubu 4. Da ilimin da na kwaso yanzu-yanzu na ce 1,200. Ya ce albarka. Na juya na yi tafiyata, irin tafiyar nan da ƙafa ke gaba kunne na baya. Sai da na kusa titi ya biyo ni da gudu.

"Yallaɓai, kawo 1,500, tun safe ban yi ciniki ba."

Na ƙirga na ba shi, na wuce ina jin kaina gwani.

Ta Kurmi na ratsa na yi Azahar, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya da ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin yadda ya ga mai sayarwa yana mayar wa mai saye wani ɗan kaso na kuɗin, kashi 2 cikin ɗari, da sunan albarka. Ya kuma ga ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkudi, ta yadda in an kai Borno aka buɗe aka tarar da algus, sai a dawo da shi a nemo mai kaya ya mayar da kuɗi. Shekara 200 ke nan, kalmar ba ta bar bakin kasuwa ba, sai dai yau an fi jin ta wajen ƙin tayi. Ƙi ne kuwa mai ladabi, ka hana mutum kayanka ka kuma yi masa fatan alheri a numfashi ɗaya.

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni lissafin ya juye. Nan rabi barkwanci ne. Wayar da aka yi wa kuɗi dubu 140, in ka ce dubu 70 yaron shago ko ɗago kai ba zai yi ba, tayi daga wajen dubu 125 yake farawa. Dalilin a fili yake. Rumfuna ne jere da juna da kaya iri ɗaya, kowa ya san kuɗin sabuwa a kwali, ya san na Landan-yus, ya san na wadda aka riƙe a nan gida, kuma mai saye na iya duba farashi a wayar da ke hannunsa yana tsaye. Inda kowa ya san kuɗin abu ba a lafta masa da yawa, don haka ba a zabge shi da yawa.

Sai kuma aka zo kaina. Na miƙa tsohuwar wayata na ce dubu 90. Saurayin ya juya ta, ya haska ta, ya danna wasu lambobi, ya ce, "Yaya, an taɓa canza mata sikirin." An taɓa. "Batirin ma ya gaji. Dubu 52."

Wallahi maganar saurayin Kwangila ce ta zo mini har leɓe. Wayar da na saya da albashin wata guda cur, wadda da ita aka ɗauki hotunan sunan autana! Na haɗiye, na ce albarka. Ya yi murmushi, ya zaro irinta daga cikin gilashi, ya ce wannan dubu 75 yake sayarwa, kuma sai ya sa wa tawa batir kafin ta kai haka, ga haya, ga wata biyun da za ta iya yi a kwance kuɗinta na sauka kullum. Na yi lissafi a zuci na ga yaron bai raina ni ba, ni ne na haɗa masa da kuɗin hotunan suna. Ciwon duk mai sayar da abin da ya mora ke nan. Yana tuna ranar da ya saya, mai tayi kuwa ranar da zai sayar yake hange. Muka daidaita a dubu 60, bayan ya nemi kwali, ya ɗauki hotona da na katin shaidata.

Hoton ba na ado ba ne. Ƙwacen waya ya addabi Kano, kuma in 'yan sanda suka biyo sawun wayar sata, a kan wanda aka same ta a hannunsa ake farawa. "Mutumin da na taya wa kwata ya ce kawo ba musu," in ji shi, "ba na murna, Yaya. Cewa nake ya ƙara gaba." Sai a lokacin na fahimci fushin mai babur. A kasuwar kayan hannu, abin da ke tafiya a kwatan kuɗinsa sau da yawa na sata ne, don haka in ka taya wa mutum kwata ka jera shi ne da ɓarayi, ko ka nufa ko ba ka nufa ba.

Bayan Magariba na isa Gwammaja. Tun daga soro na jiyo muryar baƙuwa. Na yi sallama na shiga, na tarar an fito da keken ɗinkin Gwaggo tsakar gida, ƙarƙashin ƙwan lantarki, an yaye masa zanen da ya saba zama a kansa. Butterfly ne na ƙafa, baƙi, adon ruwan zinaren jikinsa ya goge a daidai inda hannu ke kamawa. Da shi ta ɗinka mana kayan Sallah muna yara, da shi ta riƙe marayu biyar bayan rasuwar mijinta. Gefensa wata dillaliya ce zaune a kujera 'yar tsugunno, jakarta a cinya.

Autar Gwaggo ce haihuwa ta zo wa da gardama, aka yi mata aiki shekaranjiya. An samu uwa da ɗa, amma ga takardar maganin da za a saya a daren, ga ragowar kuɗin asibiti. Ba wanda ya gaya mini, wai kada a ɗaga mini hankali.

"Yaya, ni fa dubu 28 zan iya," in ji dillaliyar. "Kin san kasuwar yanzu, kowa na lantarki yake nema. Kuma kuɗi hannu ne, ga su nan."

Gwaggo ta fi ni sanin kuɗin keke nesa ba kusa ba. Ta san sabo ya haura dubu 150, ta san teloli sun fi son tsohon ƙarfe irin nata a kan na yanzu. Matar da na sha gani tana ja-in-ja da mai kayan miya a kan naira 50, ita ce ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, ta ce, "Ki dai duba, ki cika talatin."

Ba ta ce albarka ba. Duk yinin nan na ji kalmar, daga bakin Alhaji, daga bakin yaro, daga bakina, ban lura cewa ba kowa ke da halin faɗarta ba sai a tsakar gidan nan. Alhaji yana faɗarta ne saboda yana da gobe, in ban saya ba wani zai saya. Mai riƙe da takardar magani da daddare ba shi da gobe. Dillaliyar kuma ta sani, don da ta shigo, in ji yaran gidan, sai da ta yi barka ta tambayi mai jiki kafin ta dubi keken. A ganina nan ne iyakar da muka rasa a mota take. Tayin wulaƙanci na gaske shi ne wanda ka san ya gaza, ka kuma yi shi don ka san wanda ke gabanka ba zai iya ƙi ba.

Na ja Gwaggo ɗaki, na ba ta dubu 40 daga kuɗin wayar, na ce a sayo maganin, keken kuma a bar shi ya kwana. Ta yi ta faɗa ƙasa-ƙasa, wai ina da iyali, wa ya aike ni. Amma da muka fito sai ta gyara mayafi, ta dubi dillaliyar ta ce, "To, albarka. Sai da safe."

Ba zan zalunci dillaliyar ba, tana da nata hanzarin, kuma ta faɗe shi a soro da na raka ta. Ita ce mai amsa kira da daddare lokacin da dangi ba sa ɗaga waya. Ita ke zuba kuɗinta, ta bi gida-gida da kaya, wani abin ya shekara a ɗakinta bai fita ba. A gidajen da mata ba sa zuwa kasuwa, ita ce kasuwar, ita ce bankin. "Ɗan nan, gaggawa ma ai da kuɗinta," in ji ta. Haka ne, ban ƙi ba. Da ta ɗauki keken dubu 75 a dubu 60, sai in ce ladan gaggawarta ta cira. Dubu 28 kuwa ya wuce ladan gaggawa, matsuwar Gwaggo ta yi wa kuɗi.

Da Asuba na tsaya a masallacin unguwa har liman ya sallami masu ɗaukar karatu, na kawo masa maganar ba tare da kama suna ba. Ya ce shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba, ciniki yarda ne. A Muhtasar na Shehu Halil ba a warware ciniki don kawai an yi gabnu, wato an ƙwari ɗaya a farashi, sai in ya miƙa wuya ne ya ce ban san kasuwa ba, yi mini yadda kake yi wa mutane, aka kuma ci amanarsa. Amma Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa mai Tuhfa, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi, ya kawo ra'ayin da ke ba wanda aka ƙwara damar kai ƙara da sharaɗi uku: ƙwaruwar ta kai sulusi ko fiye, ya kasance bai san farashi ba, kuma kada shekara ta wuce.

Sulusi. Ga lamba dai an samu, tun ƙarnoni kafin direban Kwangila. Na ce, "Allah gafarta Malam, to wanda ya san farashin sarai, amma wuya ta sa ya sallama fa?"

Ya ɗan yi shiru yana jan carbi. "Wannan alƙali ba zai ƙwato masa ba, ciniki ya ƙullu. Amma malamai sun ƙi a saya daga matsattse da kuɗin da ba don matsuwar ba ba zai yarda ba. Tauye wa mutane kayansu yana cikin abin da Annabi Shu'aibu ya hana mutanen Madyana." Sai ya kawo labarin Jabir ɗan Abdullahi, wanda raƙuminsa ya gaji a hanyar komawa Madina. Manzon Allah (SAW) ya taya raƙumin, Jabir ya ƙi da farko, daga baya ya sallama a kan uƙiya guda da sharaɗin zai hau shi har gida. Da suka isa aka biya shi har da ƙari, sannan aka mayar masa da raƙuminsa. Jabir kuwa a lokacin mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu, ya bar masa bashi da ƙanne mata. "Ka ga, ko Jabir sai da ya ce albarka," in ji Malam yana murmushi, "kuma ba a ji haushinsa ba."

Ni kuwa yaron Ƙofar Wambai ne ya faɗo mini a rai. Rigar da na karɓa 1,500, in na auna da abin da na gani a rumfar Alhaji, shi kansa da wuya ya same ta ƙasa da dubu 2. Da bakinsa ya gaya mini tun safe bai yi ciniki ba, na ji, na kuma karɓa. Tsakanina da dillaliya yawan kuɗin ne kawai ya bambanta.

Da hantsi muka ɗora keken a adaidaita sahu, ni da jikan Gwaggo. Da yake Ƙofar Ruwa ba nisa, na sa muka biya wajen 'yan gwangwan, masu sayen ƙarafa daga hannun 'yan jari-bola, don in ji ƙasan kuɗinsa. Nan ne kaɗai a duk tafiyar ban ji ana tayi ba. "Mu sikeli ke magana," in ji mai wurin. Ya ɗaga kan keken, ya ɗaga ƙafafun, ya ce in a matsayin ƙarfe ne bai wuce dubu 14 ba. "Amma zunubi ne a farfasa wannan, Malam. Kai shi Fagge." Wato tayin daren jiya ninkin kuɗin gawar keken ne kawai, alhali yana raye yana ɗinki.

A Fagge aka nuna mana wani dattijon tela mai gyaran kekuna. Tun a hanya na ja wa yaron kunne kada ya ambaci asibiti. Dattijon bai tambayi dalilin sayarwa ba. Ya ɗiga mai, ya zura zare, ya ninke ƙyallen shadda huɗu ya sa, ya taka, ya kasa kunne kamar likita.

"Nawa ka yi masa?"

"Dubu 90, Baba."

"Hamsin."

"Albarka."

"Teburin ya sha ruwa, dubi yadda ya kumbura."

"Ai ba teburin ke ɗinki ba, Baba."

Ya yi dariya ya ce da biyar. Na ce albarka. Maƙwabcinsa ya leƙo ya tsaya yana kallon keken, da gani yana so, amma bai sa baki ba, don ba a tayi a kan tayin wani sai ya janye. Muka yi ta ja har aka kawo shayi ya huce, masu zuwa Juma'a da wuri suka fara wucewa da dardumarsu. A dubu 72 na kira Gwaggo. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta ce, "A sallama masa. Allah ya sa ya amfane shi."

Da yake Ƙofar Wambai na kusa, na sake biyawa da naira 1,000 a aljihun gaba, na zaga bakin titin sau biyu. Yara masu riguna a kafaɗa sun fi ashirin, ban gane shi ba.

Gwaggo ta ƙirga kuɗinta sau biyu a kan tabarma. Ta ware na asibiti, ta matsa sai da na karɓi dubu 20 daga cikin nawa, sauran ta ce bashi ne. Sai na ga ta zare dubu 2, ta ƙulle a leda, ta miƙa wa jikanta ya kai wa dillaliyar.

Na ce, "Gwaggo, na mene ne? Ai ba ita ta sayar ba."

Ta ce, "Kai Zariya za ka koma. In dare ya sake yi mini, ita ce a kusa."

Yaron ya karɓa ya fita.